Ba zan sayar da majemar Baba ba

Zuwa ga ƙanena Bala,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya ruwan Duwala? Mu nan Garwa lafiya lau, sai ciwon gwiwa.

Ba'indiyen nan mai kantin yadi ya koma ƙasarsu, tsufa ya kama shi. Ka tuna yadda yakan zo majemarmu, ya zauna cikin warin fata da bagaruwa, ya sha ruwa a moɗar Baba? Ranar sallama na tambaye shi dalilin da ba ya ƙyamarmu. Ya ce a da, mutanensu 'yan Hindu ko taɓa mai aikin fata ba sa yi. Zamanin Turawa kakansa ya bi masu gyaran addininsu, ya ci abinci da majema. Dangi suka kore shi, bai janye ba har ya mutu.

Sai ka faɗo mini a rai, kai da ka ce in sayar da majemar kafin bikin ɗanka, kada surukai su san asalinmu. Ni ban yi lekol ba, wato makarantar boko, amma ba zan sayar ba. In kunyata kake ji, kada ka gayyace ni.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Hajiya da yara, har da surukan.

Yayanka,
Ɗanjuma