Wa Zai Riƙe Hannun Baba?

Al Nahda, Dubai
8 ga Janairu, 2023

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Umma da kowa na gida. Yaya idon? Na san Yaya Haidar ne zai karanta maka, to Allah Ya sa kada ya tsallake inda na taɓa shi.

Umma ta ce ka rantse ba za ka fita zaɓe ba sai da ni, tunda yanzu ba ka ganin takarda. Na bincika, dokar da aka gyara bara ta yarda mai larurar ido ya shiga da wanda ya amince da shi, ya kai masa yatsa inda ya faɗa. Ni ka zaɓa, don kana tsoron Yaya zai dangwala maka jam'iyyarsa, shi da ko hularsa tambarinta ne a jiki. Na yi dariya, daga baya kuma na yi kuka a motar zuwa aiki. Shekara uku rabona da in riƙe hannunka.

Na nemi hutu a asibitinmu. Ka taya ni addu'a.

'Yarka,
Nuriyya

12 ga Fabrairu

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ban san ta inda zan fara ba. Fasfona yana wurin sabunta izinin zama, ba zai fito ba sai bayan zaɓe. Ni kaina babu ƙuri'a, gyaran bai kai ga mu mazauna waje ba. 'Yan gidanmu da ke kasuwar Naif ta nan Dubai suna ta komawa gida da katinsu na zaɓe a aljihu, ni sai dai in raka su da ido.

Tun zaɓen saba'in da tara ba ka taɓa fashi ba. Kada ka fara saboda ni. Ka tafi da Yaya. Surutu gare shi, amma ba maci amana ba ne.

Mai kewarka,
Nuriyya

27 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa, ya gajiyar layi? Umma ta ce na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar yatsanka sai da ta duba fuskarka, sannan ka raɗa wa Yaya a kunne, ya fito yana cin magani. Na matsa masa a waya ya gaya mini wa ka zaɓa, ya ce in je in tambayi mai ƙuri'ar.

Na ji daɗi. Amma ba zan ɓoye maka ba, ranar na wuni ina duba waya, ina so a ce mini ka ƙi fita. Ni na roƙe ka ka je, ka kuma je, sai ga ni ina jin haushi. Ka yafe mini.

Zan zo da ƙaramar Sallah, in sha Allahu. Babu akwatin zaɓe a lokacin, amma ka ce da Yaya ni zan riƙe hannunka zuwa filin Idi.

A gaida Umma.

'Yarka,
Nuriyya