Sun Ce Zaman Takabata Ne Ya Ƙaryata Ni

Ustaza Rauda, don girman Allah ki agaza mini da shawara. Kwana goma sha tara suka rage mini in ɗaukaka ƙara, kaina kuwa ya kulle.

Ni 'yar Atbara ce ta Sudan, yanzu ina Alƙahira da 'ya'yana mata biyu, ina gasa kisira, gurasarmu ta Sudan, ina kai wa masu gidan abinci. Karatuna bai wuce aji shida ba, ki yi haƙuri da rubutuna. Mijina Mirgani makanikin jirgin ƙasa ne, yana cikin shugabannin ƙungiyar ma'aikata. Lokacin yajin aiki aka ɗauke shi daga wurin aiki. Bayan kwana tara aka kira ƙaninsa Hamad ya je ya karɓi gawa. Wai ciwon zuciya. Hamad ne ya yi masa wanka, bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba, amma kwana uku bai sa komai a bakinsa ba.

Na shiga takaba a ɗakina, wata huɗu da kwana goma. Ina fita da mako guda muka kamo hanya.

A ofishin tantance masu neman mafaka, matar da ta yi mini tambayoyi ba ta wulaƙanta ni ba, har ruwa ta ba ni. Ta ce in da gaske ina tsoro, me ya zaunar da ni watanni a gidan da waɗanda suka ɗauke mijina suka sani? Na ce ban iya fita ba. Na ɗauka ta gane, don wa ake yi wa bayanin takaba? Ta ce an yi mini barazana? Na ce ban ga kowa ba. Alhali sau biyu suka zo ƙofar gida neman littafin sunayen 'yan ƙungiya, suka ce wa Hamad in na fito za su ji daga bakina. Ni ban gan su ba, mai takaba ba ta fita wurin maza. Kuma a layin shiga ofishin an yi ta gargaɗinmu kada mu faɗi sai abin da idonmu ya gani.

Takarda ta zo, wai labarina bai gamsar ba.

Maƙwabciyata Ihlas ta ce, “Ke dai baƙauyiya ce, wa ya aike ki da gaskiya tsirara?” Wai in ce tsare ni aka yi a watannin nan, ta san mai tsara labari. Ustaza, zaman nan shi ne abu na ƙarshe da na yi wa Mirgani, ta yaya zan mai da shi ƙarya? In kuma na ƙi, ina tsoron a mai da mu. Hamad ɗin ma ya gudu Jidda. Ya zan yi?

Matar marigayi, unguwar Ardul Liwa

AMSA

'Yar uwa, Allah Ya jiƙan Mirgani, Ya ba ki haƙuri.

Kada ki sayi labarin Ihlas. Ba ta nufe ki da sharri ba, tsoro ne ya koya mata hakan. Amma duk abin da kika faɗa a farko yana rubuce. Kin ce ba ki ga kowa ba, gobe ki ce an tsare ki? Ranar har mutuwar mijinki za su sa wa shakka.

Ita ma ma'aikaciyar ki yi mata adalci. Tana sauraren mutane da yawa, wasu da labarin saye, kuma abin da aka faɗa mata kawai take aunawa. Mai gudun mutuwa da ya zauna wata huɗu babu dalili, dole ta tambaya. Ke ba ƙarya kika yi ba, rabin maganar kika bari a ciki.

Gobe ki je wurin lauyoyin da ke taimakon 'yan gudun hijira kyauta, kada ki jira kwanakin su ƙure. Ki faɗi kalmar takaba da bakinki, ki bayyana ta kamar ga wanda bai taɓa jin ta ba. Ki sa limamin unguwa ya rubuta hukuncinta. Ki faɗi zuwan mutanen nan, da wanda ya gaya miki, da dalilin shirunki a farko. An yarda ki faɗi abin da aka gaya miki, in dai kin ce ji kika yi. Ki nemi tafinta mace.

Mai wuyar shi ne Hamad. Ki kira shi ya rubuta ranakun da suka zo, da abin da ya gani a jikin ɗan uwansa, ya sa hannu. Za ki ji abin da ya ɓoye miki don tausayi, saboda haka kada ki karanta ke kaɗai.

Ba zan yaudare ki ba, ana iya yin duk wannan a sake ƙi. Sai dai da gaskiya akwai ƙofar sake nema, wanda aka kama da ƙarya kuwa da wuya a ƙara saurarensa.

Allah Ya sa ki dace da mai saurare, Ya raya miki yaran nan cikin aminci.

Ustaza Rauda