Bindigar da Aka Kai wa Jandarma

Hawandawaki, 3 ga Mayu

Maman Shatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarmu. Tun da ba ki ɗaukar wayata, na koma takarda.

Kin ce ba ki dawowa sai bindiga ta bar gidan nan. To, ta bari. An ba da doka kowa ya kai tashi, na kai tawa wurin jandarma a Tasawa. Ga takardar shaida na sa miki a ciki. Shekara biyu ke nan da tafiyarki. Darbejiyar da kika dasa ta wuce katanga.

Mijinki,
Wada

Yamai, 19 ga Mayu

Baban Shatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Shatu ta fara rubuta sunanta.

Takarda ta iso, na gode. Sai dai ka manta aikina. Buronmu, ofishin da nake aiki, shi ke tattara irin waɗannan takardu daga kowace komin, wato ƙaramar hukuma, ni ke zuba su cikin rapor, rahoton da muke haɗawa. Taka ta ce: "bindigar toka, ba kunama, ta yi tsatsa." Bindigarka kuwa mai baki biyu ce. Shekara shida na kwana tana rataye bisa kaina. Ita ce ƙanena Lamine ya ɗauko don ya nuna wa abokinsa, ranar da ka ce babu harsashi a ciki. Ta tashi a hannunsa. Da la'asar muka rufe Lamine.

Daga kominku kaɗai an kawo marasa kunama arba'in da ɗaya. Ka gaida min Dikko maƙeri, na ga kasuwa ta buɗe mishi. Garin da ake ƙera bindiga don a miƙa ta, ai ya ci gaba.

Wayarka kuma, ba ƙiyayya ba ce. Na san abin da muryarka ke yi min. Takarda ina iya ninke ta.

Ka huta lafiya,
Hamida

Hawandawaki, 6 ga Yuni

Maman Shatu,

Salama da gaisuwa. Gaskiyarki, aikin Dikko ne. Tawa tana cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero.

Amma ki ji. Ƙauyen da ke yamma da mu sun miƙa nasu da zuciya ɗaya. Watan jiya ɓarayi suka kore musu shanu da rana tsaka, ba wanda ya ko yi tari. Ke kika yi karatu har inibarsite: in na ba da tawa, su za su ba da tasu? Faɗa min, abin da kika ce shi zan yi.

Ɗakinki ni ke share shi. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

Wada

Yamai, 21 ga Yuni

Baban Shatu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna.

Ga abin da rapor ɗinmu ya nuna. Inda aka karɓe bindigogi da gaske, harbin kuskure ya ragu, na faɗan gona ma ya ragu. Ɓarayi kuwa ba su da labarin an yi doka. Wato da ta zo da wuri, da Lamine yana nan. Shanunka ba ta san da su ba.

Ka ce abin da na ce shi za ka yi. Wayo ke nan. In na ce ka bayar, aka zo aka same ka hannu wofi, ni na kashe ka. In na ce ka riƙe, na yarda Shatu ta girma kusa da rumbun nan. Ba zan zaɓar maka ba.

Ranar Juma'a ta sama aiki zai kawo ni Tasawa, kwana biyu, gidan Gwaggo A'isha. Ba zan ƙarasa Hawandawaki ba. Shatu na tambaya ko kai dogo ne. Ka zo ta gani da idonta.

Hamida

Hawandawaki, 25 ga Yuni

Maman Shatu,

Salama. Ina tafe Juma'a da hantsi, in Allah Ya yarda. Bindigar tana nan cikin rumbu, ba zan yi miki ƙarya sau biyu ba.

Takalmi lamba nawa Shatu ke sawa yanzu?

Wada