Kwamfutar Mahaifiyarki Ba Ta San Fuskata Ba

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya maigidanki, yaya kuma ɗan baƙon namu? Tun da aka ce min kin sauka lafiya bakina ya ƙi rufuwa. A ajin yamma har malaminmu ya tsokane ni, wai ango ne ya zo karatu.

Ina so in ga jikana ta kwamfutar marigayiya mahaifiyarki, amma ta tsufa, ta daina kiran bidiyo. Mai gyara ya ce zai sa mata sabon tsari na kyauta. Ta ƙi karɓa. Ya ce akwai wani tsaro a can cikinta, kamar maigadi, wanda yake farkawa kafin komai, ba ya barin baƙon tsari ya shiga. Na ce ya kashe shi, sauri nake yi.

Mahaifinki mai murna.

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ku, da fatan yaron yana barci da kyau.

Ɗoki ya sa na manta cewa muryar mahaifiyarki tana ciki, labaran da ta ɗauka tana kwance, don 'ya'yanki. Ba mu kwafe su ba.

Da aka kashe maigadin, allon ya koma shuɗi, ya nemi wata doguwar lamba ta buɗe ajiya. Mahaifiyarki kaɗai ta san inda take. Mai gyara ya yi gumi, ya mayar da tsaron yadda yake. Kwamfutar ta tashi, amma kwanan watanta ya koma shekarar da ba mu san asibiti ba. Ya ce ƙaramin batir ne ya mutu. Na ce to.

Ɓangaren da nake shiga da can ya ɓace, sai na mahaifiyarki. Na kawo kwamfutar gida, na ɗora a teburin ɗinkinta. Duk lokacin da na buɗe, wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa a sama, sunanta ya fito, a ƙasa an rubuta wai ana neman fuskarta. Takan dube ni, ta jira, ta ƙi. Na nuna mata hoton marigayiyar, ta ƙi. Jiya na ji kaina ina ba ta haƙuri.

Ba na so in tsorata mai jego. Amma idan kin ji ƙarfi, ki zo da yaron in sa masa albarka, ki kuma zauna a gaban kwamfutar. Kowa yana cewa fuskarku ɗaya da mahaifiyarki. Ni zan jira a waje.

Naki har kullum,
Mahaifinki.