Zuwa ga Yaya Sabi'u, Mai Fassarar Birai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinka, na rubuto ne in shaida maka cewa fim ɗin biran nan masu magana har yanzu bai ƙare ba. Sun sake fito da wani. Na kalla a waya, Yaya, na kuwa gaji tun kafin a kai rabi. Birai sun ƙara kyau, har gashin girarsu ana gani, amma faɗan nan dai shi ne: yau su kori mutane, gobe mutane su kore su.

Ka tuna rumfar kallonka ta Hayin Banki? Ranar Lahadi bayan la'asar, direbobi da leburori su cika benci, ka saka kaset, ka rage sauti, ka tsaya gefen talabijin kana fassara. Turancinka bai wuce na gaisuwa ba, amma ba ka taɓa rasa abin faɗa ba. Wani birin ka ba shi Sakkwatanci, wani Katsinanci, 'yan kallo su yi ta tsokanar juna.

Sai babban nan, baƙi, mai faɗin ƙirji. Tunda gwaggon biri ne, sai ka mai da shi Gwaggo sosai, tsohuwa mai sasanta 'ya'yan 'yan'uwanta. Duk sanda ya daka tsawa sai ka ƙanƙance murya ka ce, “Haba 'ya'yan nan, ku ajiye bindiga, abinci na hucewa.”

Ni na ɓata maka. Ina aji huɗu a sakandaren da kai ka kai ni, Turanci ya fara shiga kaina, girman kai ya riga shi. Na miƙe a gaban jama'a na ce ƙarya kake yi, ba mace ba ce, janar ne, kuma umarni yake bayarwa a kashe kowa. Rumfa ta ɗauki dariya. Ka dube ni ka yi murmushi, ka ƙaro sauti, ka zauna. Aka ƙarasa fim ɗin babu mai gane komai sai ni, ni ɗin ma rabi-rabi.

Daga ranar sunan ya bi ka. Ka rufe rumfa ka koma tuƙi, a tashar Kawo ma Gwaggo suke ce maka, kana amsawa. Ranar jana'izarka na ji wani dattijo yana tambaya ko nan ne gidan Gwaggo. Shekara ashirin muna cin tuwo kwano ɗaya, ban taɓa ce maka yi haƙuri ba. Kullum sai in ce gobe.

Makon jiya 'yarka Hajara ta zo daga Katabu da goyonta. Ka bar ta tana rarrafe, yanzu ita ke da mai rarrafe. Ta ga biran a wayata, sai ta tambaye ni abin da na daɗe ina gudu: me ya sa ake ce wa babanta Gwaggo? Wai dangin mijinta sun ji sunan, suna yi mata dariya.

Na so in ce sunan wasa ne kawai. Na kasa. Na faɗa mata komai, har miƙewar da na yi. Har na fara tsoron ta tashi ta tafi. Can ta miƙo mini wayar, ta ce in rage sautin in yi mata yadda kake yi.

Na yi, Yaya. Muryata ba ta ƙanƙancewa kamar taka, Sakkwatancina kuma abin kunya ne. Amma da wani ƙaton biri ya ɗaga makami, na ji bakina yana cewa abinci na hucewa. Hajara ta yi dariya, irin taka sak, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Mu da muka ga irin tarzomar da muka gani a garin nan, yanzu na san fassarar wa ta fi amfani. Tawa daidai ce kawai.

Ka yafe mini. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya haɗa mu inda ba a buƙatar mai fassara. Amin.

Ƙanenka da ya makara,
Nasiru
Kurmin Mashi