Abin da Lukmanu Ya Gani a Sakkwato

Inna Kaltume, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni malamar firamare ce a Illela. Lukmanu ɗan wana ne, amma a hannuna ya tashi, yanzu yana aji biyar na sakandare. A dogon hutun bana aka zaɓe shi cikin yaran da ake tarawa a Sakkwato ana shirya su don shiga jami'a. Likita yake son zama tun yana ƙarami.

Ya dawo kamar ba shi ba. Ba ya cin nama, ba ya fita, sai wanke hannu. Da ƙyar na sa ya yi magana. Ashe wani ɗalibin likitanci ne ya shigar da su a ɓoye ɗakin da ake koyo da gawarwakin da ba a san danginsu ba. An rufe fuskokin, amma hannun wata gawa ya leƙo daga mayafi, da cindo, wato yatsa na shida, a ƙafar kuma da tabon ƙunar salansar babur. Ya rantse Dabo ne.

Dabo ɗan ƙauyen Lafani ne, yana ɗaukar kaya a babur zuwa Ƙwanni ta Nijar. Ya ɓace bara waccan, lokacin da aka rufe iyaka, ba shi ba babur ɗin. Uwarsa tsohuwa har yau kowace ranar kasuwa tana zaune a tasha tana duban masu saukowa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ba wanda muka gaya wa, kuma tsohuwar ba ta taɓa zuwa gidanmu ba. Amma tun dawowar Lukmanu, duk kasuwa sai ta tsaya a ƙofarmu, ba sallama, sannan ta wuce. Wancan makon ta tarar da shi a zaure, ta dube shi ta ce, "Ɗana, mi ka gani Sakkwato?" Ya shige ɗaki, ya ce warin maganin ɗakin nan ya ji a jikinta. Ni ma, Allah ya sani, na ji wani abu. Yanzu ya ce ya bar karatu. Mu gaya mata, ko mu binne zancen?

Gwaggo Mai Damuwa, Illela

*

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Uwar da ɗanta ya ɓace tana tambayar duk wanda ya dawo daga tafiya, kuma yaron da ke kauce mata da ido shi za ta fi bi. Wari kuwa, tsoro kan ajiye shi a hanci.

Masu cindo suna da yawa, haka masu ƙunar salansa, kuma Lukmanu bai ga fuska ba. Kada ku kai wa tsohuwa zato. Amma shiru ma ba daidai ba ne, domin in Dabo ne, yana da haƙƙin wanka da sallah da kabari.

Ki sa mahaifin yaron ya sami liman da wani namiji mai hankali daga dangin Dabo, su je wurin shugabannin makarantar likitancin su nemi sanin inda aka samo gawar da lokacin. In ta tabbata, su ne za su gaya mata, a zaune, cikin 'yan'uwanta.

Lukmanu kuma kada a matsa masa kan likitanci yanzu. A kai shi asibiti, a bar shi ya faɗi abin da ke ransa, a riƙe addu'a. Ki gaya masa manya sun karɓi kayan daga kansa. In tsohuwa ta sake tsayawa, ki shimfiɗa mata tabarma ki ba ta ruwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya yanke mata wannan jira.

Inna Kaltume