Gwiwar Yaya Genzo

Matsumoto, Fabrairu

Ƙanwata Sumie,

Ina gaishe ki. Yaya sanyi can ƙauye?

An cire ɗinkin aikin da aka yi mini, amma ƙusoshi suna nan cikin gwiwar. Likita ya ce ninkaya da keke kawai, ban da hawan dutse, ban da ɗaukar kaya. Ni da na shekara talatin ina goya buhunan shinkafa zuwa masaukinmu na kan dutse, yau ga ni a tafkin ninkaya tsakanin tsofaffin mata. Akwai wata Kuroda, ba ta da linzami a baki. Jiya ta ce, "Baba, iyo kake yi ko jiƙa ka aka yi? Awarar tofu cikin miya ma ta fi ka motsi."

Na gaji, amma ina zuwa kullum. Kafin bazara zan dawo.

Yayanki,
Genzo

Yaya,

Na gode da wasiƙarka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanƙara ta fara narkewa, masu hawan dutse sun soma kira suna tambayar ko za mu buɗe bana. Na nemi ɗan dako har garuruwa uku, babu mai son aikin. In ba kai, ba wanda zai hau da abinci, ni kuma girki kawai na iya. Rufin ma yana yoyo. Don Allah, Yaya, bar ni da labarin Kuroda. Za ka iya ko ba za ka iya ba?

Ka huta lafiya,
Sumie

Afrilu

Sumie,

Ki yi haƙuri da shirun. Gwadawa na yi. Na goya jaka, na hau matakalar gidan ibadar unguwarmu. Ban kai rabi ba gwiwar ta ƙi. Da zaune na sauko, mataki-mataki, mutane suna kau da kai. Ta kumbura kamar kabewa.

Da kumburin ya sace, na koma kan keke. Can bakin kogi, inda ƙasa take a shimfiɗe, ba mai gane gurgu ne ke wucewa. Nan kaɗai nake jin ni ne. Amma dutse ya fi ƙarfina yanzu. Masaukin da Baba ya gina da hannunsa, ni ne sanadin rufe shi. Ki yafe mini.

Genzo

Yaya,

Na gaya wa kowa ba za mu buɗe ba. Na zaci zan yi kuka. Barci na yi, har rana ta take. Ashe ni ma na daɗe da gajiya, kunyarka ce ta hana ni faɗa.

Na karɓi tsohon keken maƙwabciya. Ban taɓa hawa ba. Ina nan tafe ranar Asabar. Ka riƙe mini ta baya, kuma kada ka saki sai na ce.

Taka,
Sumie